Tun Tsakiyar Rajab Ba Ta Bar Salla Ba

Dutse, Talata 24 ga Nuwamba 1936, 10 ga watan Azumi, ƙarfe uku da rabi na yamma.

Takarda daga Barau, malamin ɗakin magani na Dutse, zuwa ga Gwaggona Huseina, a ɓangaren mata na asibitin birni, Kano. Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya. Ina fata kuna shan ruwa lafiya.

Bayan haka, Gwaggo, a tsaye nake rubuta wannan, don Lado direba ya gama lodin gyaɗa, ya ce minti ashirin kawai zai jira ni. Yau watana uku da kwana tara da kama aiki, kuma yau ne na fara ba da maganin da hankalina bai kwanta da shi ba. Likita ba zai zo zagaye ba sai bayan Salla, ga shi ke kin shekara shida kina aiki a hannun Sista. Ki duba mini.

Da ƙarfe goma da kwata na safe wani mutum mai suna Idirisu ya kawo mini takarda da ajami daga wansa, Malam Nata'ala na Limawa. Malam yana Kiyawa yana tafsiri tun farkon Azumi, iyalinsa tana gida tare da mahaifiyarsa, Iya Gaji. Ga abin da ya rubuta, ban rage ba ban ƙara ba:

"Zuwa ga malamin asibiti. Bayan sallama, an aiko mini iyalina tana fama da ciwon mara kwana huɗu. Alhamdu lillahi, tun tsakiyar Rajab ba ta bar salla ba ko sau ɗaya. Sai ka lura da wannan wajen abin da za ka ba ta. Wasalam."

Na ji daɗin wannan shaida, don wanda ke iya tsayuwa da ruku'u sau biyar a rana ciwonsa bai yi tsanani ba. Na kuma gane yana so in ba ta abin da ba zai taɓa ibadarta ba.

Na bi Idirisu zuwa Limawa. Ba a bar ni na gan ta ba. An saki asabari a ƙofar ɗaki, ta miƙo hannu ta ƙasa, na ƙirga bugun jininta da agogo, 96 a minti. Ma'aunin zafi, wanda Iya Gaji ta shigar mata, ya nuna 98.4, wato ba zazzaɓi. Sunanta Zinariya, shekarunta kamar ashirin da takwas, shekara tara da aure. Ta taɓa haihuwa sau ɗaya, shekara bakwai ke nan, ɗan bai zo da rai ba, ta yi wata guda tana zazzaɓi bayan haka. Tun daga nan shiru.

Ciwon a gefen dama yake, can ƙasa. Yana zuwa yana lafawa. Tana jin kamar za ta zaga amma ba ta yin komai. Jiya ta ga jiri a bakin rijiya, aka ce azumi ne. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ta ce in ta kwanta kan kafaɗarta ta dama na mata ciwo, alhali ba ta faɗi ba, ba ta yi daka ba.

Na bi tsarin da aka koya mana, na tambayi Iya Gaji, "Iya, ko tana da ciki?" Sai ta dube ni daga hula har takalmi ta ce, "Kowa ma yana da ciki, ɗan nan, da me muke cin tuwo? A makarantar taku haka ake tambayar matan mutane?" Idirisu ya juya baya yana dariya. Kunya ta kama ni, na rubuta "babu" a littafi.

Na ba da gishirin wankin ciki ƙulli uku, a sha ɗaya kullum bayan shan ruwa, da man zafi a shafa a kafaɗa.

Tun da na dawo nake buɗe littafina ina rufewa. Ciwon mara yana shafi ɗaya, ciwon kafaɗa yana wani, ban ga inda suka haɗu ba. In ba komai ba ne, don Allah kada ki nuna wa Sista, kada a ce an yaye wanda bai iya ba. Lado yana busa ƙaho. Ki gaishe da mutanen gida.

Ɗanki, Barau.

Kano, Laraba da safe.

Daga Huseina zuwa ga Barau. Gaisuwa. Malam Albarka akawu ne ke rubuta mini, na ce ya sa yadda na faɗa, kada ya gyara.

Kai Barau, kai Barau! Shekara nawa ka yi a makarantar kwana da ba ka san wannan ba? Laifinmu ne da muka ba da kai kana ɗan shekara goma, ka tashi cikin maza zalla. Wace mace ce mai shekara ashirin da takwas za ta yi wata biyu ba ta bar salla ba? Ba taƙawarta mijin yake yaba maka ba. Mace takan ajiye salla kwanaki a kowane wata, in ba ta ajiye ba, wata ya ɓace mata ke nan. Mutumin nan ya gaya maka matarsa na da ciki, da tawada, a gaban idonka, har ya ce ka lura. Akawu yana sunkuyar da kai, na ce ya rubuta, ba lokacin kunya ba ne.

Tsohuwar kuwa ba ƙarya ta yi maka ba. Cikin da aka jira shekara bakwai ba a faɗa wa baƙo shi a tsakar gida, tsoron baki ake yi.

Na nuna wa Sista takardarka, ka yi fushi in kana so. Malam Albarka ya juya mata da Turanci. Da ya kai wajen kafaɗa ta miƙe ta tafi kiran likita.

Ka saurara. Tsakanin inda ƙwan mace yake da mahaifa akwai 'yar hanya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, siririya kamar karan alkama. Wani lokaci ciki ba ya ƙarasawa mahaifa, sai ya tsaya a hanyar ya fara girma a nan. Hanyar ba ta iya ɗaukarsa. Takan fara tsagewa, jini ya riƙa zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. In ta kwanta jinin ya gangaro ya taɓa ƙarƙashin haƙarƙari, shi ne kafaɗa ke amsawa. Jirin nan ba na azumi ba ne. Likita ya ce ba zai rantse ba sai ya gan ta, amma abin da ka rubuta ya ishe shi ya ce a kawo ta yau, ba gobe ba.

A gabana an kawo bakwai masu irin wannan. Biyar sun koma gida da ƙafarsu. Biyun an tsaya shawara da su. Babu jiƙo, babu ƙwaya, babu allurar da ke tsayar da shi. Sai an buɗe an ɗaure hanyar an cire.

Ka je yanzu ka karɓe gishirin nan. Kada a ba ta komai na wankin ciki. Kada kowa ya murza mata mara, ko da uwarta ce. Ta kwanta, kada ta tashi ko don alwala, a ɗaga ƙafar gado da tubali. Ta karya azumi da ruwa kaɗan-kaɗan, ban da abinci. Ka sa tsohuwar ta ja fatar idonta ta gaya maka launin cikin fatar. Ka riƙa ƙirga bugun, in yana hawa jini na zuba. Ka kuma tambaye ta da kanta ko ta ga jini, ko ɗigo ne. In bakinka ba zai iya ba, ka rufe ido ka tambaya.

Kada ka zauna kana cizon yatsa a kan kuskure, na san halinka, kana iya kwana kana lissafin laifinka. Ka bar wannan sai an kawo ta. An ajiye mata gado kusa da ƙofa.

Gwaggonka.

Dutse, Laraba 25 ga Nuwamba, 11 ga Azumi, ƙarfe biyar da minti goma na yamma.

Daga Barau malamin ɗakin magani zuwa ga Malam Nata'ala a Kiyawa. Allah ya gafarta Malam. Gaisuwa da girmamawa, da fatan Allah ya karɓi ibada.

Bayan haka, na fara da laifina. Malam ya rubuta mini magana a fili, ni ne ban gane ba. Na ɗauki zancen salla a kan ƙarfin jiki, na ba da gishirin wankin ciki, wanda bai kamata a ba mai irin lalurarta ba. Ta sha ƙulli ɗaya jiya bayan magariba. Na karɓe sauran biyun yau da ƙarfe huɗu da kwata.

Ga abin da na samu. Jiya bugun jininta 96 ne, yau 112. Iya ta ja fatar idonta ta ce cikin fari ne fat. Tafin hannunta da ta miƙo sanyi gare shi kamar an tsoma a randa. Yau da hantsi an kira wanzami ya yi mata ƙaho huɗu a kafaɗa, wato an ƙara fitar da jini daga jikin da ba shi da na bayarwa. Ban ga laifin Iya ba, ni ma man zafi na bayar don kafaɗar nan. Na tambaye ta ta bayan asabari ko ta ga jini. Sai da na sake tambaya ta ce a'a.

Na aika bayaninta Kano, likita ya ji. Abin da ake zato shi ne cikin bai shiga mahaifa ba, ya tsaya a siririyar hanyar da ke kai wa gare ta, hanyar ta fara tsagewa, jini na zuba daga ciki. In haka ne, maganinsa aiki ne, a sa ta barci a buɗe a ɗaure wurin. Ba a yin sa a Dutse, ni ban iya ba, ban ma taɓa gani ba. A makaranta rabin shafi aka koya mana a kansa.

Na gaya wa Iya duk wannan. Ta ce, "To tunda ka tona, i, akwai shi. Amma kwanciya ya yi. Ni na ga wanda ya kwanta shekara uku ya tashi, ga shi can yana noma a Aujara." Ta ce gobe da hantsi Bilki ungozoma za ta zo ta murza shi ya tashi. Na roƙe ta har na durƙusa. Ta ce ba za a murza ba sai an ji daga Malam, amma kuma Zinariya ba za ta taka ƙofar zaure ba sai da izinin mijinta. Ta ƙi karya azumi, ita ma ta ce sai Malam ya ce.

Abu uku nake roƙo. Malam ya hana murza. Malam ya umarce ta ta sha ruwa. Malam ya ba da izini a tafi da ita Kano. Motar Lado za ta tashi gobe Alhamis da la'asar, babu wata sai Asabar. Idirisu ya ɗaura sirdi, yana jiran in naɗe takarda.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Haza wasalam.

Barau.

Kiyawa, Alhamis bayan asuba.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Daga Nata'ala ɗan Malam Modibbo zuwa ga malamin asibiti Barau. Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ka.

Bayan haka, takardarka ta same ni. Na yafe maka, kuma na gode da ka faɗi kuskurenka da bakinka. Na rubuta gwargwadon abin da miji zai iya rubuta wa baƙo game da iyalinsa. Ban san sai an fi haka fito da magana ake ganewa a wajenku ba.

Biyu daga cikin roƙonka na ba ka. Kada a murza, na gaya wa Idirisu ya faɗa wa Iya da bakina. Ta sha ruwa, mara lafiya an ɗauke masa, za ta rama.

Na ukun ne ya tsaya mini. Ba zancen namiji baƙo zai ga jikinta ba ne, lalura na halatta wannan, na sani, na karantar da shi. Ba kuma don likitan Bature ne ba.

Kai da kanka ka ce zato ake yi. Ka ce ba ka taɓa gani ba, likitan ma bai gan ta ba. Shekaranjiya ka tabbata ciwon ciki ne, yau ka tabbata wani abu ne. Kwanciyar ciki kuwa ba tatsuniyar tsofaffi ba ce, malaman fiƙihu sun yi magana a kanta, sun ƙayyade mata shekaru. In aka buɗe aka tarar ɗan yana inda ya kamata, wa zai mayar mini da shi? Da hannun wa za a ce an kashe shi, in ba da nawa da ya rubuta izini ba?

Ya kai ɗana, kai yaro ne, ba ka san shekara bakwai ba. Ni na yanka ragon suna a gidaje fiye da yadda zan ƙirga, na raɗa wa 'ya'yan mutane suna, in dawo gida in tarar da ita ta share tsakar gida sau biyu don rashin abin yi. Ranar da ta gane ta samu wannan cikin, ba ta gaya mini da baki ba. Buta ta ɗauka ta wuce ta gabana a ranar da ta saba ajiyewa, ta dube ni, ta wuce.

Ka amsa mini tambaya ɗaya da gaskiya. In an buɗe an same shi a hanyar da kake faɗa, ba za a iya ɗauke shi a sa shi a mahaifa ba? In za a iya, ku tafi yau. In ba za a iya ba, ka ba ni zuwa Asabar in yi istihara in zo in gan ta da idona.

Allah ya yi mana zaɓi. Wasalam.

Dutse, Alhamis 26 ga Nuwamba, 12 ga Azumi, ƙarfe tara da minti arba'in na safe.

Daga Barau zuwa ga Malam Nata'ala. Allah ya gafarta Malam. Gaisuwa.

A zauren Malam nake rubutu, a kan gwiwata. Idirisu ya iso ƙarfe tara saura kwata. Dokin ya gaji, an aro masa keke.

Amsar tambayar Malam, a'a. Ba za a iya mayar da shi ba. Da zan iya cewa i don a tafi, amma ba gaskiya ba ne. Wanda ya tsaya a hanya ba ya rayuwa, ko an buɗe ko ba a buɗe ba. Wannan kam yana cikin rabin shafin, na karanta shi sau goma tun jiya. Ba zaɓi ake yi tsakanin uwa da ɗa ba. Uwar kaɗai ake iya samu.

Malam ya yi gaskiya, zato ne, kuma na yi kuskure sau ɗaya. Saboda haka kada Malam ya dogara da ni, ya dogara da agogo. Talata 96. Laraba 112. Yau da ƙarfe bakwai 124. Da ƙarfe takwas da rabi ta tashi zaune za ta yi taimama, ta suma. Iya ta yi salati ta yaye asabarin da hannunta ta ce in shigo. Na ga fuskarta yau. Leɓunanta sun yi fari, gumi na tsattsafo mata, cikin ya ɗan taso ya yi tauri. Bugun 132, da ƙyar nake jin sa. Cikin da ya kwanta ba ya shanye jinin uwarsa haka. Ba na jin za ta kai Asabar. Ban taɓa rubuta wa kowa irin wannan magana ba, Malam ya yi haƙuri.

Da ta farfaɗo muka ba ta ruwa cokali uku. Ta ce Iya ta ɗan ba mu wuri. Iya ta koma bakin ƙofa. Sai ta ce, ba ta dube ni ba, "Malamin asibiti, jiya ƙarya na yi maka. Yau kwana shida ina ganinsa, kaɗan-kaɗan, baƙi-baƙi. Na ɓoye tsumman a ƙarƙashin tabarma."

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "In na faɗa za a ce in ajiye salla. In na ajiye, shi ke nan, kowa ya san babu. Muddin ina ɗaukar butar nan, yana nan."

Iya ta ji daga ƙofa, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Bilki ungozoma ta zo, Iya da kanta ta sallame ta daga zaure.

Na gaya wa Zinariya abin da Malam ya rubuta, da abin da zan amsa. Na tambaye ta ko tana da saƙo. Ta rufe ido, har na ɗauka ta sake suma. Sannan ta ce, "Ka ce masa ina gaishe shi. Ka ce masa na bar salla. Zai gane."

Wannan karon ni ma na gane.

Lado ya yarda ya rage buhu shida a shimfiɗa mata katifa a tsakiya inda girgiza ba ta da yawa. Ya ce zai jira har ƙarfe huɗu, ba zai wuce haka ba saboda hanya. Na sanar da wakilin hakimi zan rufe ɗakin magani in bi ta. An ɗaure gadon kara, mutum huɗu na zaune a ƙofar gida. Kalma ɗaya muke jira.

Barau.

Kiyawa, Alhamis da azahar.

Zuwa ga Barau. Ku tafi da ita. Abin da likita ya ga ya dace ya yi, da izinina, Allah ne shaida. Na bar tafsiri a hannun wani, ina tafe a kan jaki. Kada ku jira ni. Ka ce mata na gane.

Nata'ala.

Kano, Juma'a 27 ga Nuwamba 1936, 13 ga Azumi, ƙarfe takwas da minti biyar na safe.

Daga Barau zuwa ga Malam Nata'ala a Limawa. Allah ya gafarta Malam. Gaisuwa da girmamawa, a gaishe da Iya.

Tana da rai. Na sa wannan a farko don kada Malam ya nema.

Idirisu ya iso ƙarfe huɗu saura minti bakwai, mun tashi ƙarfe huɗu da kwata. Na faɗa mata saƙon Malam kafin a ɗaga gadon, ta gyaɗa kai. Ta suma sau biyu a hanya. Bayan Wudil na nemi bugun na rasa, sai a wuya na same shi. Gwaggona Huseina tana bakin ƙofar asibiti tana jiranmu, aka wuce da ita kai tsaye.

Likita ya bar ni na tsaya a gefe. Abin da aka yi zato shi aka tarar. Hanyar dama ta tsage, cikin yana cikinta, bai kai girman ɗan yatsa ba. Mahaifa babu kowa. Ba a taɓa wani ɗa da zai rayu ba, na gani da idona, Malam ya sauke wannan daga wuyansa. An ɗaure an cire hanyar dama. Jinin da ya taru an kwashe, an tace wani a mayar mata ta jijiya, an ƙara da ruwan gishiri. Likita ya ce da an ƙara kwana ɗaya a kan haka, da ba ta kai ga aikin da rai ba.

Na tambaye shi abin da ke kawo shi da yadda ake kare shi. Ya ce sau da yawa zazzaɓin bayan haihuwa ko ciwon sanyi ne ke ƙuntata hanyar, wani lokaci kuma ba a san dalili. Ya ce babu maganin da ke hana shi. Abin da ake iyawa shi ne tsabta wajen karɓar haihuwa, da neman magani da wuri, da kuma duk macen da wata ya ɓace mata ta ji ciwo a gefe ɗaya, ko ta ga jini, ko jiri, a kawo ta a ranar. Gwaggo ta ce in ƙara da cewa a faɗi maganar yadda ko sakarai zai gane. Ni take nufi.

Lado zai ɗauko Malam gobe. Yau bugunta 118. Ta buɗe ido da asuba.

Allah ya ƙara wa Malam haƙuri. Haza wasalam.

Barau.

Abin da ban sani ba har yanzu:

Ɗaya, ko zazzaɓi zai shiga wurin aikin. Likita ya ce sai an ga kwana biyar.

Biyu, ko gishirin da na ba ta ya ƙara tsagewar. Na tambaya, ya ce ba wanda zai iya faɗa.

Uku, ko za ta sake samun ciki. Hanyar hagu tana nan, ya duba ta, ya ce ba ta da kyau sosai, ba ta kuma lalace ba.

Huɗu, da ta buɗe ido ta tambayi Gwaggo, "Yaushe zan koma salla?" Ban san wanne take nufi ba, ibadar ko wani cikin. Ban rubuta komai a littafi ba, na bar wa Malam.